Yadda Ake Zaɓar Tishat Mai Kauri Ta Auduga A Kantamanto

Duk wanda ya taɓa sayen tishat ya wanke ta sau uku ya ga wuyan ya saki kamar bakin buhu, ya san ciwon abin. Shi ya sa yanzu samarin Nima da Mamobi da Sabon Zango suka koma neman riguna masu kauri irin na da, auduga zalla, waɗanda ke tsayawa a jiki ba sa manne wa mutum. Akwai su a Kantamanto, babbar kasuwar gwanjo ta Accra, amma a cakuɗe suke da tarkace, sai mai ido ke tsamo su.

Fara da sammako. Laraba da Asabar ne aka fi fasa dila, kuma kafin rana ta ɗaga masu shaguna sun riga sun kwashe zaɓin farko. Kayan suna sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema, mafi yawa daga Ingila da Amurka da Kanada da Sin, kuma mai dilar kansa bai san abin da ke ciki ba sai ya yanke igiya. Bayan gobarar da ta ci kasuwar a farkon watan Janairun 2025, 'yan kasuwa da yawa sun sake tashi ne da bashi a wuyansu. Ka yi tayi, amma kada ka yi tayin wulaƙanci.

In rigar ta shigo hannunka, kada ka fara da karanta takardar wuya. Dunƙule ta a tafin hannu ka ji nauyinta, sannan ka ɗaga ta sama ta fuskanci haske, ka sa hannunka a ciki. In kana ganin yatsunka sarai, ajiye ta. Mai kauri sai dai ka ga inuwa. Masu sayarwa a intanet suna auna wannan da giram a kan kowace murabba'in mita, suna rubuta GSM. Ta giram 140 zuwa 160 sakayau ce, daga 200 zuwa sama kuwa an shiga masu nauyi. A zafin Accra da damshinta, ni dai ba na wuce 200 zuwa 220. Ta 280 tana da kyau a hoto, amma ka shiga trotro, wato motar haya, da ita daga Circle zuwa Madina da tsakar rana ka gani. Irin wannan sai lokacin hunturu ko sanyin watan Agusta.

Sai batun zare. Auduga zalla tana da ɗan kaushi, ba ta sheƙi, kuma in ka matse ta ka saki za ta yi tamoji. Wadda aka gauraya da roba tana da santsi, tana komawa daidai nan take, daga baya kuma ta riƙa yin ƙuraje a ƙirji da hammata. A nan ne za ka duba takardar, ka ga ko an rubuta 100%. Tsofaffin riguna masu tambarin Screen Stars da yawa rabi auduga ne rabi roba. Tsofaffi ne na gaske, masu tara su suna so, amma ba su da kauri. In kauri kake nema, irin su Beefy-T ta Hanes sun fi kusa da buƙatarka.

Wuya shi ne ran tishat, a nan ya kamata ka daɗe. Ja shi kaɗan da yatsu biyu ka saki. In ya koma mazauninsa, lafiya. In ya tsaya yana lanƙwashe-lanƙwashe, ya mutu, kuma guga ba ta tayar da shi. Juya rigar ka duba ko an bi bayan wuya da kafaɗu da wani siririn ƙyalle a ciki. Wannan ƙyallen ne ke riƙe kafaɗa, ya hana ta zubewa bayan wanki.

Daga nan ka sauka kan kalmasar hannu da ta ƙasa. Rigunan Amurka na kafin tsakiyar shekarun 1990 yawanci layin ɗinki ɗaya suke da shi, na bayansu kuma biyu. Da yawa daga cikin tsofaffin ba su da ɗinki a gefe, an saƙa jikin a zagaye. Sai dai ka sani, yanzu ana ɗinka sababbi a kan wannan salon, a wanke su da magani su koɗe da gangan. Ba laifi ba ne ka sa irinsu, ni ma ina sawa, amma kada a karɓi kuɗin tsohuwa a hannunka a kan sabuwa. Koɗewar gaske ba ta zuwa bai ɗaya: kafaɗu da wuya sun fi jiki haske, saboda nan rana ta fi duka.

In baƙa ce, akwai wata cuta da ido ba ya gani. Tsohuwar baƙar riga da ta daɗe a ajiye ba a taɓa wanke ta ba, rinin yakan cinye zaren, sai ta yage kamar takarda. Nemi izinin mai kaya, ka ɗan ja gefen ƙasa a hankali. In ka ji ƙarar yagewa, ko baƙin gari ya kama yatsanka, bar ta ko da kyauta ce. Shinshina hammata kuma, domin warin fumfuna da rawayan tabon zufa da wuya su fita.

Abu biyu ne masu rubutu kan kwalliya ba sa faɗa mana, mu kuwa sun dame mu. Na farko, yankan rigunan da gajere ne, mai faɗi. Ka gwada ta a jikinka ka sunkuya kamar mai ruku'u. In bayanka ya buɗe, nemi wadda ta fi tsawo, balle auduga takan ƙara tsukewa. Kada ka dogara da harafin L ko M, awon kamfanoni ya sha bamban. Gara ka zo da rigar da ta yi maka daidai ka shimfiɗa su tare. Na biyu, karanta abin da aka rubuta a gaba da baya. Na sha ganin yaro mai hankali ya shigo masallaci da tallan giya a ƙirjinsa, bai sani ba. In ba ka gane rubutun ba, tambayi wani, ko ka ɗauki wadda ba zane.

Kana isa gida ka jiƙa ta ita kaɗai a ruwan sanyi da sabulu, don ka ga ko tana zuba. Juya ta ciki waje kafin wanki, kada ka murɗe wuyan wajen matsewa, ka shanya ta a inuwa a naɗe bisa igiya. Kada dutsen guga ya taɓa zanen, ta baya ake gogewa. Wajen ajiya kuma ninke ta za ka yi, domin nauyinta kaɗai ya isa ya ja wuyan in ka rataye ta a hanga.