Huda ƙarfe mai gangare

Darasi na 1: Mazauni tukuna

Ku ɗauko guntun ƙarfe mai gangare, irin wanda ya saura a gidan walda. Ku ɗaure shi tamau a abin matsewa, kada wanda ya riƙe da hannu. Ku sauko da bakin huda ya taɓa ƙarfen, amma kada ku kunna inji tukuna. Ku sunkuya ku duba. Bakin yana da kaifi 2, ɗaya ne kawai ya taɓa. Da kun kunna, wannan kaifin zai ja bakin ya sulale ƙasa, rami ya bar alamarsa, ko bakin ya karye. Yawancin bakin da ake sayarwa tsininsa digiri 118 ne, don shimfiɗaɗɗen wuri aka yi shi.

Saboda haka sai mun yi masa mazauni. Mazauni shi ne ɗan wuri shimfiɗaɗɗe da za ku goge daidai inda ramin zai shiga. Ku ɗauki magagari, ku goge a kwance, ba bin gangaren ba. A kwance, ƴan'uwa. In ramin milimita 10 ne, mazaunin ya kai 12. Mai injin sassaƙar ƙarfe ya yi da shi, ya fi sauri. Ku ɗiga digon mai a wurin. In ya gangara, ba ku gama ba, ku koma ga magagari. Babu kunya, kowa daga nan ya fara.

Bayan mazauni, sai ku kafa madoshi a tsakiya, ku buga da guduma sau ɗaya. Kun ji jerin? Mazauni, sannan madoshi. Ba madoshi sannan mazauni ba, don magagari zai share alamar. Daga nan ku fara da gajeren baki siriri, kamar milimita 3, a hankali, da ɗan mai. Dogon baki lanƙwasa yake yi.

Na ga ɗalibai nan Damagaram, har da magidantan da suka daɗe suna walda a Zango, suna tsallake mazauni wai rana ta yi zafi, mai aiki yana jira. Haba malam! Goge mazauni ne ya fi wuya, ko komawa kasuwar Dole sayen sabon baki? Na faɗa, na maimaita, duk da haka kowane mako sai an kawo mini karyayyen baki. Wanda bai nuna mini mazauninsa ba, kada ya taɓa inji. Kuma ku naɗe hannun riga, ku cire safar hannu, ku sa tabarau.

Darasi na 2: In aikin da yawa

In ƙarfe 50 za ku huda iri ɗaya, ku haɗa mariƙi da zai riƙe kowane a kusurwa guda, da guntun bututu mai tauri da baki zai bi ta cikinsa. Ku auna na farko kafin ku ci gaba. Mazauni dai yana nan.

Darasi na 3: Fita

In bayan ƙarfen ma gangare ne, ku sassauta hannu da baki ya kusa ɓullowa, nan yake cafkewa.