Kurakuran da 'yan jiyoloji suka fi tafkawa kan raspait da stolzait

Ƙannena na ABU masu karanta jiyoloji, musamman waɗanda jarabawar ma'adanai ta tunkaro, ku zo mu yi maganar PbWO4 don kusan duk wanda ya kawo min takardarsa in duba a Samaru wuri ɗaya yake faɗawa. Ma'adini ne na dalma da tangistin da iskar oksijin, in ka yi lissafin nauyi dalma ta kwashi wajen kashi 45.5 cikin ɗari, tangistin 40.4, ragowar na oksijin ne.

Babban kuskuren dai shi ne mutum ya ga PbWO4 ya rubuta suna ɗaya ya wuce abinsa. Ai ma'adini biyu ne suke da wannan fomula, raspait da stolzait, sinadaransu ɗaya sak amma yadda atom ɗin suka jeru a ciki daban ne, kamar ka ba magina biyu bulo iri ɗaya adadi ɗaya kowa ya tayar maka da ɗaki daban. Stolzait tetaragonal ne, raspait monokilinik. To in an tambaye ka kar ka tsaya a fomula, faɗi tsarin kiristal ɗin, nan makin yake.

Sai kuma a zo wajen zanen ɗan akwatin da atom ɗin ke maimaitawa a cikin kiristal, mai gefuna uku a da b da c, a sake kwaɓawa. A stolzait a da b tsawonsu ɗaya, wajen 5.46 angistiram (ma'aunin tsawo ɗan mitsitsi da ake auna tazarar atom da shi), c ne dogo wajen 12.05, kuma duk kusurwoyin uku digiri 90 ne cif. A raspait kuwa babu biyun da suka zo daidai, a ya kai wajen 13.5, b bai cika 5 ba, c wajen 5.6, sannan kusurwa ɗaya wato bita ta karkace zuwa wajen digiri 107 da ɗoriya. Sai ka ga yaro ya rubuta monokilinik da kyakkyawan rubutu sannan ya zana akwati mai kusurwa 90 ko'ina, ko kuma ya karkatar da duka ukun wanda wannan tirikilinik ke nan ya zana bai sani ba. Ɗaya tak ake karkatarwa, sauran biyun a bar su a miƙe.

Wajen da na fi so ku natsu shi ne oksijin nawa ke kewaye da tangistin, don nan ne asalin bambancin. A stolzait kowane tangistin oksijin 4 ne suka kewaye shi, kuma kowane ƙulli na tangistin da oksijin ɗinsa yana zaune shi kaɗai bai taɓa ɗan uwansa ba, dalma ce ke shiga tsakani ita kuma da oksijin 8 a kewayenta. Irin ginin shilait ne wato CaWO4, kawai an cire kalsiyam an sa dalma, haka ma wulfenait PbMoO4 duk gidansu ɗaya, shi ya sa ake samun molibdinam da tangistin suna maye gurbin juna tsakanin wulfenait da stolzait. Raspait shi ne ya fita zakka, tangistin ɗinsa oksijin 6 ke kewaye da shi, kuma ƙullayen suna haɗa gefe da gefe suna yin sarƙa doguwa. Duk wanda ya zana wa raspait tangistin mai oksijin 4 wallahi stolzait ya zana ko da wane suna ya rubuta a ƙasa. Ni a ganina in ka riƙe wannan 4 da 6 ɗin ko lambobin angistiram sun gudu maka a hol ba ka yi asara sosai ba.

Akwai masu ganewa da launi, su ne suka fi ba ni tausayi. Raspait ruwan ɗorawa ne mai haske ko mai ɗan duhun ƙasa-ƙasa, wani ma toka-toka, stolzait ma yana zuwa da waɗannan launukan, wulfenait ma haka, ga shi duk suna da ƙyalli mai kama da na daimon. Launi ba zai raba maka gardama ba. Ɗauki dutsen a hannu tukuna ka ji nauyi, raspait ya ninka ruwa wajen sau 8.4, stolzait wajen 8.3, shilait 6 da 'yan kai, farin dutsen kwaz da kuke tsinta a bayan hostel 2.65 ne kacal. Sannan tauri, wasu da sun ji tangistin sai su ɗauka abu ne mai taurin tsiya saboda ƙarfen sai ya kai zafin digiri 3422 na Salshiyos yake narkewa, alhali raspait da stolzait 2.5 zuwa 3 ne a ma'aunin tauri na Mohs, wuƙa tana karce su ba wahala, shilait ne ke kai 4.5 zuwa 5. Amma fa nauyi da tauri irin su shilait da wulfenait kawai za su cire maka, raba raspait da stolzait sai an kai ga na'urar XRD mai duba tsarin kiristal da hasken X-ray.

Nan ma akwai tarko. Kar ka gasa samfur da zafi mai yawa wai kana busar da shi kafin a auna, raspait in ya kai wajen digiri 400 juyewa yake ya koma stolzait kuma ko ya huce ba ya dawowa, ka ga sai na'ura ta ba ka stolzait ka rubuta da ƙarfin gwiwa alhali kai ka canza shi da hannunka.

Tarihi kuma ana yawan musanya su. Raspait a Broken Hill ta Ostireliya aka gano shi a 1897, aka sa masa sunan Charles Rasp wanda ya gano ma'adinan wurin. Stolzait ya girme shi, tun 1845 yake da sunansa, daga Zinnwald a yankin Bohemiya, ƙasar Cek ta yanzu, sunan wani likita Stolz aka ba shi. Haka kiristal ɗin PbWO4 kusan 76,000 da ke cikin na'urar CMS mai gano ƙananan ƙwayoyin zarra a cibiyar binciken kimiyya ta CERN kusa da Janeba, ba haƙo su aka yi ba a masana'anta aka reno su, kuma tsarin stolzait gare su, don haka kar ka sa su a ƙarƙashin amfanin raspait a furojet ɗinka.

Masu dawowa daga fil da dutse mai nauyi a jaka suna cewa sun samo raspait, ku sassauta. Ma'adini ne da ba kasafai ake samunsa ba a duniya ma, yana fitowa ne a saman jijiyar ma'adini inda ruwa da iska suka ci dalma da tangistin suka haɗa su, kuma ƙwayoyinsa ƙanana ne. Abin da ka ɗauko a irin su Riruwai in baƙi ne mai nauyi ya fi kama da wulfuramait, wani ma'adinin tangistin, ko kuza, in kuma ruwan toka ne mai ƙyallin ƙarfe yana fashewa murabba'i-murabba'i to galina ce, ma'adinin dalma.

Dan Allah kuma a daina lasar dutse don a ga launinsa da kyau, kusan rabin wannan abin dalma ce, kun san abin da ƙurar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010. In za ka daka samfur ka ɗan jiƙa shi don kar ƙura ta tashi, ka sa takunkumi, kar ka yi a ɗakin kwana ko kusa da kwanon abinci, ka ƙulle ragowar a leda ka rubuta suna da inda ka samo shi, sannan ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa komai.