Yadda na samu cikakkun maƙalu ta ɗakin karatu na jami'a

Ina rubuta kundin digiri na biyu a kan cutar rosette da ke nakasa gyaɗa, amma duk maƙalar da na buɗe daga masaukina a Samaru sai ta nuna mini taƙaitaccen bayani kawai, ta nemi daloli kafin in karanta sauran. Dalili shi ne mawallafa ta hanyar rajistar jami'a suke gane mai karatu, ni kuwa da datar wayata nake shiga.

Na je sashen kwamfuta na ɗakin karatu da katin shaidata, ma'aikaciyar ta shigar da ni Research4Life, shirin da ke ba cibiyoyin ƙasashe masu tasowa damar karanta mujallun bincike, ta nuna mini AGORA, rumbun mujallun aikin gona da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya (FAO) ta ƙaddamar a 2003. Daga nan maƙalun suka riƙa buɗewa har shafin ƙarshe.

Binciken kansa ya fi ɗaukar hankalina. Na sanya sunan cutar cikin alamar zance domin kada kalmomin su rabu, na haɗa groundnut da peanut, sunayen gyaɗa a Turanci, da kalmar OR (wato ko) saboda Amurkawa na biyun suke rubutawa, sannan na taƙaita shekaru. Mujallun Nijeriya kuwa, waɗanda a ganina suka fi kusa da gonakinmu, a AJOL, rumbun mujallun Afirka a intanet, na same su.