Kurakuran da aka fi yi wajen girka murhun ƙarfe a gaban tsohon murhun bango

Duk shekara, da zarar Oktoba ta kama a nan arewacin Ingila, wayata ba ta hutawa. Ɗan'uwa ya samu gida a Bradford ko Leeds, cikin tsofaffin gidajen nan na jan bulo masu manne da juna, kuɗin gas ya ishe shi, sai ya sayo murhun ƙarfe mai cin itace ya girka a gaban tsohon murhun da ke jikin bangon falo. Bayan mako biyu sai ya kira ni: "Malam, hayaƙi yana dawo mana ɗaki, yaya za a yi?" Na gaji da nanata magana ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Babban kuskure, wanda ya kusa raba ni da gidana, shi ne a zura guntun bututu daga murhun ƙarfe cikin tsohuwar hanyar hayaƙi a ce an gama aiki. Wannan hanya ta bulo an gina ta ne domin buɗaɗɗiyar wuta, wadda ke zuƙar iska mai yawa ta tura ta sama da zafinta. A yawancin waɗannan gidaje faɗinta ya kai inci 9, wato kusan milimita 230, a kowane gefe. Shi kuwa murhun ƙarfe rufaffe ne, yana riƙe zafi a ɗaki, hayaƙinsa kaɗan ne, bakin bututunsa bai wuce milimita 125 ko 150 ba. Idan wannan ɗan hayaƙi ya faɗa cikin ƙaton rami mai sanyi, sai tafiyarsa ta ragu, ya huce, ya yi gumi a jikin bulo. Gumin nan ne ke daskarewa ya zama baƙar kwalta mai ƙyalli, ita kuwa kwaltar wuta take jira.

Wanda ya girka min nawa ya ce hanyar hayaƙin gidana lafiya lau take, kada in ɓata kuɗi. Na yarda. A hunturu na biyu, wani dare bayan sallar isha'i, na ƙara itace na buɗe ƙofar iska, sai na ji ruri a cikin bango kamar jirgin ƙasa yana wucewa. Na fita waje na ga tartsatsi yana tashi daga saman rufi. Yara suna barci a ɗakin da wannan bango ya ratsa. Har yau idan na tuna yadda na kwaso su cikin bargo na tsayar da su a titi muna jiran 'yan kwana-kwana, jikina sai ya yi sanyi. Bulon ya tsattsage, hayaƙi ya shiga ɗakin maƙwabcina, kuma abin da na kashe a gyara ya ninka kuɗin da na yi ƙyashin kashewa tun farko.

Tun daga ranar, ba na sa hannu a aikin da ba a zura bututun ƙarfe mara tsatsa tun daga saman rufi har bayan murhu ba, mai faɗi daidai da abin da masu ƙera murhun suka rubuta. Akwai masu cewa doka ba ta tilasta wannan ba idan tsohuwar hanyar ta ci gwajin hayaƙi. Gaskiya ne, amma ni ban yarda da bulon da ya haura shekara 100 ba. Ana sa wa irin wannan bututu lamba gwargwadon ingancin ƙarfensa: ina sayen mai lamba 904 ko da mai lamba 316 ya fi araha, kuma kafin a zura shi sai mai shara ya kankare tsohuwar kunkunniya tas, ya fitar da sheƙar tsuntsu idan akwai. A toshe maƙogwaron tsohon murhun da faifan ƙarfe, a bar hujin bututu kawai, in ba haka ba ɗumin da ka saya da kuɗinka sama zai gudu.

Sai maganar katakon ado da ke saman bakin murhu. Jama'a, ku ji tsoron Allah da ran iyalinku! Na shiga gidaje da yawa na ga murhun ƙarfe zaune a ƙarƙashin katako, tazararsu ba ta kai kamu ɗaya ba, mai gida yana ce min ai bai taɓa kamawa ba. Ba rana ɗaya yake kamawa ba. Zafi yana gasa katako a hankali, wata da watanni, har ya bushe ya koma kamar gawayi daga ciki, daga nan ɗan zafin da bai isa ya taɓa shi a da ba ya ishe shi ya kama. Lokacin da murhu yake cikin bango, bulo ne ke kare katakon. Da ka fito da shi gaba, ka ajiye wuta a ƙarƙashinsa kai tsaye. Sashen J na kundin ƙa'idojin gini na Ingila ya ce bututu mai falle ɗaya ya nisanci duk abin da ke iya cin wuta da ninki 3 na faɗinsa, wato milimita 450 ga bututu mai 150. Tazarar jikin murhun kansa tana cikin littafin da ya zo da shi, littafin da kowa ke jefarwa tare da kwali. Ni cire katakon nake yi gaba ɗaya, ko da uwargida za ta yi kwana biyu tana fushi. Da na ciro na wani abokina, ƙasansa ya yi baƙi ƙirin, yana marmashewa a hannu.

Daɓen ƙasa ma haka. Tsohon daɓen an yi shi ne daidai da wutar da ke cikin bango, yanzu murhu ya cinye shi, ƙofarsa tana buɗewa a kan kafet. Ana so daɓen da ba ya cin wuta ya wuce gaban murhu da aƙalla milimita 225, ko 300 idan irin wanda ake iya kunnawa ƙofa a buɗe ne, da 150 a kowane gefe. Ni 400 nake bari, domin na ga inda garwashi ke kaiwa idan ya gangaro.

Auna tsayin bakin tsohon murhun kafin ka biya kuɗi, ka tabbatar bututun bayan sabon zai shige ƙarƙashinsa. Kada ka kwantar da bututu a miƙe fiye da milimita 150, kunkunniya ce za ta taru ta toshe shi. Haɗa shi da gwiwa mai murfi a ƙasa domin shara. Kada ka sayi ƙaton murhu don burga: mai kilowat 5 ya ishi falon yawancin gidajen nan, wanda ya haura haka sai an huda masa kafar iska a bango, kuma babba da ake shaƙe wa wuta shi ne uban tara kwalta. Ɗanyen itace ma haka, ruwan jikinsa kada ya wuce kashi 20 cikin 100, na'urar aunawa kuma ba ta da tsada. Katako mai fenti da ɓaraguzan kujeru ba itacen wuta ba ne. Idan unguwarku tana cikin yankunan da aka hana hayaƙi, sai murhun da DEFRA, ma'aikatar gwamnati mai kula da muhalli, ta amince da shi. A ba mai rajista da HETAS, hukumar da ke tantance masu girka murhu, aikin, ko a sanar da sashen kula da gini na ƙaramar hukuma, don takardar shaidarsu ce kamfanin inshora zai nema ranar da abu ya faru.

Ƙararrawar iskar kabon monoksaid kuwa, tun Oktoban 2010 doka ta wajabta ta a duk ɗakin da aka girka sabon murhu irin wannan. Mu da muka taso muna jin labarin waɗanda suka kwana da kaskon garwashi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu ba su tashi ba, bai kamata a ce sai an roƙe mu ba. Iskar ba ta da wari ba ta da launi. A kafa ƙararrawar a sama, tsakanin mita 1 zuwa 3 daga murhu, ba a cikin durowa ba kamar yadda na tarar a wani gida, tana nan a ledarta. Tawa duk Juma'a nake danna maɓallinta kafin in fita masallaci, mai shara kuma sau biyu yake zuwa min a shekara, farkon Satumba da tsakiyar Janairu.