Kurakuran da aka fi yi wajen kashe maɓallan sauti a kibod

Yawancin waɗanda ke neman kashe maɓallan ƙara sauti, rage shi da tsayar da bidiyo, abin da ke damunsu ya fi sauƙi fiye da maganin da suke nema. Mutum ya danna F2 domin ya sauya sunan fayil, sai ya ga sauti ne ya ragu, nan take ya fara neman manhajar da za ta kashe maɓallin. Alhali a kwamfutocin tafi-da-gidanka da yawa, musamman na Dell da Lenovo, danna maɓallin Fn tare da na Esc ya isa ya mayar wa jerin F1 zuwa F12 aikinsa na asali. A na HP kuwa, sau da yawa sai an shiga BIOS, wato shafin saitunan na'ura da ke buɗewa kafin Windows ta tashi, ta hanyar danna F10 lokacin kunnawa, a kashe zaɓin Action Keys Mode. Haka nan wahalar banza ce ƙoƙarin kashe Fn ɗin kansa da manhaja, domin a mafi yawan na'urori kibod ne ke sarrafa shi a cikinsa, saƙonsa ba ya isa ga Windows.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne shiga rajistar Windows, wato ma'ajiyar saitunanta, da gaggawa. Akwai wurare biyu maƙwabtan juna da harafi ɗaya tak ya bambanta su, wato Keyboard Layout da Keyboard Layouts, kuma ƙimar Scancode Map, wadda da ita ake sauya aikin maɓalli ko kashe shi, a na farkon ake saka ta. Wanda ya saka ta a na biyun ba zai ga sauyi ba, wanda kuma ya kuskure lambar maɓalli yana iya kashe harafin da ke cikin kalmar sirrinsa, ya wayi gari ya kasa shiga kwamfutarsa sai da kibod na kan allo. Ko an yi komai daidai, sauyin ba ya aiki sai an sake kunna na'ura. Abin da ya kamata a fahimta kuma shi ne, kibod na USB da yawa ba sa aika saƙon sauti ta hanyar da haruffa ke bi, suna da wata ƙofa dabam, shi ya sa manhajar SharpKeys, wadda a wannan rajista take rubutu, kan gaza kama su. A irin wannan hali, sai a buɗe Device Manager, inda Windows ke jera na'urorin da ke haɗe da kwamfuta, a nemi waɗanda ke ɗauke da sunan HID-compliant consumer control device, a kashe su ɗaya bayan ɗaya ana gwadawa, har a gano wanda yake na kibod ɗin.

A ganina, hanyar da ta fi dacewa da yawancin mutane ita ce Keyboard Manager da ke cikin manhajar PowerToys ta kamfanin Microsoft, domin ana zaɓar maɓalli a ba shi umarnin Disable, kuma warware shi ba ya ɗaukar minti ɗaya. Sai dai ana yawan mantawa cewa dole manhajar ta kasance a kunne, saboda haka a saita ta ta tashi tare da Windows.

Wasu kuma kan kashe Human Interface Device Service, wato sashen Windows da ke kula da irin waɗannan maɓallai, gaba ɗaya. Lallai maɓallan za su yi shiru, amma na jikin na'urar sauraro ta kunne ma suna iya mutuwa tare da su, bayan wata biyu kuma mutum ya manta shi ya kashe, ya kai na'urar wurin mai gyara.

Idan damuwar ita ce burauza na ƙwace maɓallin tsayarwa daga manhajar sauraron karatu ko waƙa, to gyaran yana cikin burauzar. A Firefox, a rubuta about:config a wurin rubuta adireshi, a nemo media.hardwaremediakeys.enabled a mayar da shi false.

Akwai kuma sautin da ke hawa ko sauka da kansa ba wanda ya taɓa komai. Wannan galibi ba na manhaja ba ne: ƙura, musamman ta lokacin hunturu, ko ɗigon shayi ne ya maƙale maɓalli. A cire kibod ɗin idan na waje ne, a cire na'urar kunne ma, a duba ko sautin ya tsaya. Idan ya tsaya, a share ƙarƙashin maɓallin da burushi mai laushi ko a canja kibod ɗin.