Kafin ka sayi sabuwar furosesa don tsohuwar kwamfutar gem

Jama'a, duk wanda gem ya fara yi masa tsaye-tsaye, kada ya yi gaggawar ɗora wa furosesa (CPU, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta) laifi. Ka buɗe Task Manager na Windows, mai nuna yawan aikin da kowane sashe ke yi, kana cikin wasa. In katin hoto (GPU) yana aiki kashi 95 zuwa sama, shi ne ya gaza, sabuwar furosesa ba za ta tsinana maka komai ba. In kuwa yana zaune a 60 amma hoto na yankewa, to wataƙila furosesa ce ta gaza, nan ne maganarmu.

Sai ka sauke manhajar CPU-Z ka duba sunan madabod (babban allon da komai ke haɗe a kansa) da soket ɗinsa, wato mazaunin furosesa. Masu soket AM4 na kamfanin AMD kam sun ci sa'a: soket ɗin tun 2016 yake, kuma yawancin madabod samfurin B450 suna karɓar furosesa Ryzen 5 5600. Ni ita nake ba da shawara. Wat 65 take ja, ga fankarta a kwali, RAM ɗinka na DDR4 kuma yana nan daram. Mai hali ya nemi 5800X3D, sai dai tana zafi, kuma ba ta zuwa da fanka.

Amma don Allah ka sabunta BIOS (manhajar madabod da ke tayar da kwamfuta) tun tsohuwar furosesa na ciki! Ni na taɓa mantawa, na kunna, fanka na juyi, allo baƙi ƙirin. Sai da na mayar da tsohuwar, na sake shafa man sanyaya da ake sa wa tsakanin furosesa da fanka.

Masu tsohon Intel kuwa, soket na yawan sauyawa, galibi sai an haɗa da sabon madabod.