Yadda ake fita shan iska da jariri a Kano

Da farko ku tsayar da wuri guda. Iyalai da yawa kan haɗa Gidan Zoo da kasuwa da gidan kaka a wuni ɗaya, sai a dawo jariri na tsala kuka, uwa ta galabaita. In yana da yayye, Gidan Zoo na Audu Bako ya wadatar: akwai manyan bishiyoyi, yara su kalli dabbobi, mai shayarwa ta sami inuwar zama.

Sai zaɓen rana. Ku kauce wa kwanakin sallah, lokacin da wurin ke cika maƙil, ƙura ta tashi, ana turereniya. Safiyar Asabar ta fi sauƙi. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano kan kai digiri 40, don haka a fita da wuri, a dawo kafin azahar. Da hunturu kuwa a bari hantsi ya ɗaga, a sa masa hula da safa, amma kada a lulluɓe masa fuska da sunan kare ƙura.

A haɗa jaka tun da dare: famfas, kayan canji, tsumma, leda ta zuba ƙazanta, ƙaramar tabarma, da gorar ruwa babba.

Ruwan nan na uwa ne. Jaririn da bai cika wata 6 ba nono kaɗai ya ishe shi ko ana tsananin zafi, domin mafi yawan nono ruwa ne. A nan ake yawan samun saɓani da iyaye mata, za ku ji an ce "ku ɗan ɗiga masa, ƙishi yake ji." A amsa musu da ladabi, uwa ta ƙara shan ruwa, ta riƙa ba shi mama akai-akai. Ruwan da aka saya a hanya na iya jawo masa gudawa.

In babu mota, a ɗauki shatar adaidaita sahu, kada a cusa mai goyo cikin fasinjoji. A shayar da shi kafin a hau.

A cikin Gidan Zoo, goyo da zani ya fi keken jarirai sauƙi, sai dai bayan uwa na tara zafi. Ta riƙa sauke shi a inuwa, ta taɓa ƙeyarsa, in ta jiƙe da gumi a rage masa kaya. Maigida, jaka da sauran yara naka ne, ka kuma hana su matsawa jikin kejin birai. Duk wanda ya taɓa ƙarfen keji ya wanke hannu kafin ya ɗauki jariri.

Da ya fara mutsu-mutsu yana murza ido, a kama hanyar gida ko ba a gama zagaye ba. In kuwa jikinsa ya yi zafi, ya ƙi kama nono, ko ya daɗe bai jiƙa famfas ba, a wuce asibiti kai tsaye.